Dakashin Gunya

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina fatan kun sauka lafiya kai da goɗiyarka, ba wanda ya yi ko tuntuɓe a hanya. Allah Ya sa ka shiga gidan Kawunka Sale da ƙafar dama, Ya tsare ka a gida da daji, Ya sa ƙasar Shanono ta karɓe ka. Amin.

Na sa wannan takarda a bakin buhun dusar Gunya, don na san shi za ka fara kwancewa kafin kayan sawarka. Kada tsawonta ya ba ka mamaki. Innarka ta same ni ina rubutu a gindin darbejiya ta ce, "Yaron nan zana ɗaya ce tsakaninku, amma sai ka buga masa jarida?" Kai ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifina ka ci. Tun da aka haife ka ban taɓa zaunar da kai na dube ka ido da ido na yi maka doguwar magana ba, kuma ba yau zan iya farawa ba. Abin da bakina ya kasa, biro nake bai wa.

Magana ɗaya ce ta sa na zauna rubutu: cikin da ke jikin Gunya. Ta tsufa, Abba. Dubi ramin da ke saman idonta, dubi yadda tsaba take zubo mata idan tana tauna. Ban yi zaton za ta sake ɗaukar wani cikin bayan wannan ba. Uwarta ce goɗiyar da mahaifina ya bar mini, ita kaɗai ce gādon da ba a sa igiya aka raba ba. Da ina da inda zan ɗaure ta ta ci ciyawa, da ban raba ta da turkenta ba. Amma kai shaida ne. Burtalin da muke bi da ita ya zama gonar gyaɗa, fadamar bayan gari an zuba mata bulo, gonarmu kuwa in ka yi tari a wannan iyakar, na waccan iyakar zai ce maka sannu. Ƙasar da ta kasa ciyar da doki ɗaya ita ce ta kasa riƙe ka, shi ya sa kuka tafi rana ɗaya.

Sau huɗu Gunya ta haihu a gidan nan, ɗaya ne ya rayu. Ukun da suka mutu ajali ne, ban musa ba. Amma kowane ajali da sanadinsa, kuma duk sanadin nan ina tsaye a wurin da idona biyu. Zan faɗa maka yadda aka yi, don ka gane su idan sun zo maka da wata rigar.

Na farko kana ƙarami, ba za ka tuna ba. Mun dawo daga sallar asuba muka tarar ta sauka, ɗan duƙushi ja mai farin goshi, jikinsa jiƙe, yana ta kokawa da ƙafafunsa. Kafin ya miƙe sai ga Baffa Audu, ƙanen mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya shigo da ƙwarya a hannu.

Ya ce, "Kai Isa, riƙe mini kanta."

Na ce, "Me za a yi, Baffa?"

"Dakashi zan tatse. Na saniya ne ake dafawa a ci. Na goɗiya zafi gare shi, kusan shekara yana taruwa a hantsa. Ka bar ɗan nan ya sha shi, ka ba shi zawo da hannunka."

Ka san dakashi, nonon farkon nan mai kauri da danƙo, mai ɗan rawaya. Ni kuwa na tuna abin da malamin noma ya koya mana a sakandare: ɗan doki yana zuwa duniya jininsa ba kariya ko kaɗan, kariyarsa duka tana cikin wannan nonon, kuma cikinsa ba ya karɓar ta sai a yinin farko. Na tuna har inda nake zaune a aji ranar. Sai na ce, "Baffa, a makaranta an ce mana..."

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "A makarantar taku dawaki nawa ne?"

Waɗanda ke wurin suka yi dariya, ni ma na yi. Na kama kan Gunya na riƙe. Ya tatse ta har nonon ya tsinke ya yi fari, ya kai ƙwaryar bayan danga ya kifar, ya ɗura wa ɗan ruwan kanwa wai ya wanke masa ciki. Kwana biyu duƙushin yana tsalle, Baffa yana leƙowa yana ce mini, "Malam ɗan boko, ya mai jikin?" Daga nan kunnuwansa suka faɗi, zawo ya ɓalle, idanunsa suka shige ciki. Bai ga ƙarshen makon ba. Baffa ya zo ya yi mini jaje ya ce ashe ba a tatse da wuri ba.

Saboda haka ka ji: dakashi na ɗan ne, ko ɗigo kada ya taɓa ƙasa. In ta haihu da asuba, ya kamata kafin rana ta yi zafi ya miƙe ya kama nono. Kada ka yarda da ganin kansa a ƙarƙashin cikinta. Ka durƙusa ka ga nonon a bakinsa, ka ga maƙogwaronsa yana motsi. In hantsi ya yi bai kama ba, ka wanke hannu, ka tatsa a kwano mai tsabta, ka sa masa yatsa a baki. In ya tsotsa, ka riƙa ba shi kaɗan kaɗan, kansa a daidai. In bai tsotsa ba, kada ka ɗaga kansa ka ɗura, huhunsa za shi. Wannan aikin malamin dabbobi ne. Ka nemi malamin da ke zagaya wajenku tun yanzu, ka je ka gaishe shi, ka karɓi lambarsa, ka roƙe shi ya yi wa Gunya allurar rigakafin sandarewar jiki kafin ta haihu. Kuma in ka ga nono yana zuba daga hantsarta kwanaki kafin haihuwa, ka faɗa masa, don dakashin ne yake tafiya.

Na biyu mace ce, baƙa. Ita ta sha dakashinta, don Baffa yana kwance ba lafiya lokacin, ka ga ba ƙoƙarina ba ne. A cibiya aka same mu. Igiyar cibiya ita take tsinkewa da kanta idan uwa ta miƙe, ba ta son taimakon kowa. Amma maƙwabcinmu Malam Tanko mai ɗori ya riga ni isa wurin, ya zaro reza daga hularsa ya yanke, ya dangwali toka da busasshen kashin shanu ya shafe wurin. Na tsaya ina kallon rezar, ina son in tambaye shi me ya yanka da ita jiya. Mutum ya taso da sassafe ya zo taimakonka, ta ina za ka fara?

Bayan kamar mako guda gwiwarta ta gaba ta kumbura. Na taɓa na ji zafi rau. Na taɓa cibiyar ita ma da zafi, tana ɗan tsatsafar da ruwa. Kowa ya ce uwar ce ta taka ta. Na dawo ɗaki na buɗe littafin da nake rubuta al'amuran yau da kullum, na rubuta cewa ina zaton ciwon daga cibiya ya shiga jini ya sauka a gwiwa. Na rubuta da kyau, har da jan layi. Sannan na rufe littafin na je na kira Malam Tanko ya ɗaure mata karare, don in na kira malamin dabbobi kamar na ce rezarsa ce ta jawo. Ɗaya gwiwar ma ta kumbura. Ta yi makonni tana jan jiki zuwa wurin nono a kan ƙafa uku, daga baya ko ukun ba ta iya hawa. Ranar da malamin dabbobi ya zo, ya duba ta ya ce, "Malam, da farkon kumburin ka kira ni ai da mun gwada." Ban ce masa na sani ba.

Ka bar cibiya ta tsinke da kanta. Ka sayi aidin tun yanzu ka ajiye, ka zuba a murfin kwalba ka tsoma guntun cibiyar a ciki, ka maimaita safe da yamma har ta bushe. Kada toka, kada kashin dabba, kada man gyaɗa. Ka share inda za ta haihu, ka kwashe tsohon taki, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Duk ɗan duƙushin da ya fara ɗingishi, ka ɗauka ciwon cibiya ne sai malami ya ce ba shi ba ne. Goɗiya ba kasafai take taka ɗanta ba, mu ne muke ɗora mata. Ita ma uwar, in mabiyiya ta rataya ba ta faɗo ba, kada wani ya ja ta. Ka ƙulle ta sama don kada ta taka, in an jima ba ta fita ba ka buga waya.

Na uku shi ne wanda ya rayu, kuma ba na gari. Na tafi ta'aziyya Kunci na kwana. Lokacin turken Gunya yana cikin gida, kusa da rumbu. Innarka ta fito ɗora sanwa ta ga ta haihu. Ta ja ƙyauren zaure ta sa masa turmi. Malam Tanko ya yi ta sallama, ta amsa masa daga ciki, "Maigida ba ya nan, Malam, ba shiga."

Ya ce, "Ai ba wurinki na zo ba, wurin goɗiya na zo."

Ta ce, "Ita ma jego take, ba ta ganin maza."

Ya tafi yana faɗa. Ba abin da ta yi wa duƙushin nan. Ta koma gindin murhu ta zauna tana kallo daga nesa, har ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, ya laluba ya kama nono. Da na dawo na ce ta kunyata ni a wurin maƙwabci. Ta ce, "To je ka ba shi haƙuri, ni ga dokina nan." Haka ta yi da mahaifiyata a kan ƙanenka, da aka ce a matse nata dakashin a zubar. Ta ce a asibiti an hana, ta juya wa bango fuska ta ba ɗanta nono. Sun yi wata ba sa magana sosai, sannan ya wuce. Ni na ɗauka irin wannan ba ya wucewa. Ashe yana wucewa.

Da shi na koyi abubuwan da ba sai an firgita ba. A mako na biyu ya yi ɗan zawo lokacin da uwar ta fara neman doki. Yana shan nono, yana guje-guje, ido garau. Wanke masa gindi kawai muka yi da ruwan ɗumi muka shafa mai don kada ya saɓule, ya wuce da kansa. Zawon tsoro shi ne wanda ɗa ya daina sha, ya kwanta, ka ja fatar wuyansa ta tsaya ba ta koma ba. Wannan ba ya jiran gari ya waye sau biyu. Ka kuma lura da kashinsa na farko, baƙi ne mai tauri kamar na akuya. In ka ga yana ta nishi, ya gantsare, ya ɗaga wutsiya ba abin da ke fita, to ya maƙale, musamman in namiji ne. Kada a sa masa tsinke ko yatsa. Ka faɗa wa malami.

Na huɗu ka san shi, don naka ne. Ni na yi maka alkawarinsa tun yana ciki, ranar da ka kai izu talatin. Wannan ne nake ta kewaye-kewaye kafin in iso gare shi.

Shekarar ce aka yanka wa ƙanena ɗaki a tsakar gida, ya zama ba wurin turke, na mayar da Gunya ƙofar gida gefen zaure, inda duk mai wucewa yake gani. Ta haihu da safe, ranar da ba kasuwa ba aikin gona. Danda ne, fari da ja, irin da ba a taɓa gani a ƙauyen nan ba. Kafin in gama tsoma masa cibiya labari ya zaga. Masu barka suka fara zuwa. Liman, mai unguwa, mutanen majalisar mai shayi, yara kuwa kamar an kaɗa ganga. Na shimfiɗa tabarmi, na aika aka sayo goro. Wannan ya shafa goshinsa, wancan ya ɗaga ƙafarsa ya duba kofato, wani ya buɗe bakinsa. Ita kuwa Gunya sai zagaye take, tana sa jikinta tsakanin ɗanta da mutane. Duk sanda ya lalubo hantsa, sai wani ya matso, ta juya, ya rasa. Ina gani. Ina raba goro ina gani. Na ce a raina bari liman ya yi addu'a su watse. Da liman ya tashi wasu suka zo, kuma ba a korar wanda ya zo maka barka.

Kai ne ka ratso tsakanin manya ka tsaya a gabana ka ce, "Baba, har yanzu fa bai sha ba."

Mai unguwa ya yi murmushi ya ce, "A'a, Malam Isa, ashe ka yi likita a gida." Ni kuma na ce maka, "Wuce ciki. Wa ya koya maka magana cikin manya?" Ka wuce. Har yanzu ina ganin ƙeyarka.

Sai bayan azahar ya sha, kuma kaɗan, don ya riga ya gaji. Washegari ya kwanta shiru, mutane suna ta yaba masa, wai ɗan nan akwai haƙuri, ba ya ƙiriniya. Na ga hantsar uwar ta cika ta yi tauri tana ɗiga. Na ga busasshen nono a goshinsa, alamar yana zuwa ƙarƙashinta ya tsaya nonon yana zubo masa a ka bai kama ba. Na ɗaga leɓensa na ga dasashin ya yi ja wur maimakon launin cikin tafin hannu. Duk na gani, amma na ce bari in ƙara dubawa da yamma, kada in tara wa kaina jama'a a kan abin da ba shi ne ba. Da yamma na ce da safe. Da safe na kira malami, ya zo ya yi allurai, ya yi iyakar yinsa.

Kai ka haƙa ramin, a bayan gonar rogo, ka ƙi a taya ka. Gunya ta yi kwanaki tana kiransa, in an kwance ta sai ta nufi wajen. Daga ranar ba ka sake ce mini komai a kan doki ba, ko da na tambaye ka. Kullum amsarka, "Yadda ka gani, Baba." Ka yi ladabi, kuma na san abin da ke cikin ladabin. Kai ne mai gaskiya ranar nan, Abba. Shekara biyar ke nan ina neman inda zan sa wannan maganar.

To ka riƙe: ɗan duƙushi mai lafiya ba shi da haƙuri. Yana sha, ya kwanta, ya zabura, ya koma sha, yini guda ba hutu. In ka zo kusa da shi yana kwance bai zabura ba, kada ka yaba masa, ka tsorata. Ka fara duba hantsar uwa kafin ɗan. In ta yi laushi yana sha, in ta cika tana ɗiga ya daina. Ka duba dasashinsa kullum. In ya yi ja ƙwarai, ko fari, ko rawaya kamar mai shawara, buga waya kafin ka zauna tunani. Ciwon ɗan doki ba ya tafiya da ƙafa, gudu yake. Abin da ka gani da safe ka ce bari yamma, da yamma wani abu ne daban. Gara malami ya zo ya ce ba komai a yi maka dariya. Dariya ba ta kashe kowa, ni na gwada guje mata na ga abin da gudun yake ci. Kuma ka ɗaure ta a cikin gida, can ƙurya, tun kafin lokacin. Masu barka su tsaya a zaure. Wanda ya ji haushi, ka bi shi gida bayan kwana uku ka ba shi haƙuri.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakewa tun ranar Juma'a.

Ƙyauren zaure yana tare baƙo, amma ba ya tare maigida. Kawunka Sale mutumin kirki ne. Ya ba ka gona, ya ba ka ɗaki, ya karɓi goɗiyar da ba tasa ba zai ci da ita daga harawarsa. Da ya zo ranar Juma'a mu gama maganar tafiyarka, muna zaure muna shan fura, na yi ta juya maganar a bakina har na samu na ce, "Malam Sale, sai batun goɗiyar nan, idan ta haihu..."

Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Haba Malam Isa, mai rijiya za ka kai wa ruwa? Ni da aka yanke wa cibiya a garke? Ranar da ta sauka ni da kaina zan tatse mata dattin nan tas, in ba ɗan ruwan kanwa ya wanke cikinsa. Sa ranka a inuwa."

Ka san abin da na ce? Na ce, "To madalla, Allah Ya saka da alheri."

Na raka shi har bakin titi. A hanya na ce zan faɗa a gindin tsamiya, muka wuce tsamiya. Na ce zan faɗa kafin ya tayar da babur. Ya tayar, na ce ya gaida gida. Na dawo na faɗa wa Innarka, ta yi mini wani kallo da ya fi mini ciwo a kan ta yi faɗa. Ta ce za ta kira shi, amma ka san shi, har gobe kallon yarinyar da ya goya yake yi mata.

Saboda haka abin ya dawo kanka. Kai baƙo ne a gidansa, tuwonsa za ka ci, ƙasarsa za ka noma, kuma kai ne za ka ce masa a'a. Na yi ta tunanin yadda za ka yi, ga abin da na iya haɗawa, in ka ga wata hanyar da ta fi ka bi ta.

Kada ka jira ranar. Ka same shi tun yanzu, ku biyu a gona, ba gaban matansa ba, ba gaban abokansa ba. Babba yana iya sauka daga magana in ba wanda ya ga saukarsa. Kada ka ambaci makaranta, kada ka ambaci littafi, nan ne na faɗi. Kada ka ce masa ba daidai yake ba. Ka durƙusa ka ce, "Kawu, alfarma nake nema. Wannan goɗiyar an taɓa tatse ta ɗan ya mutu, an taɓa barinta ɗan ya rayu. Ina roƙon a bar mini wannan in gwada, in ya mutu ni na jawo." In ya ce wa ya sa ka, ka ce ni ne. Ka ɗora mini duka. Ka ce mahaifinka ne mai taurin kai, ya sa ka rantse. Ƙaramin abin da zan iya yi ke nan, in ba da sunana inda na kasa ba da bakina.

Mai yiwuwa ya yi dariya ya ce to, sannan ranar ya shigo da ƙwarya, don shi a ganinsa taimako ne. In haka ta faru, ka tashi ka tare shi da gaisuwa, ka sa hannu biyu ka karɓi ƙwaryar kamar yadda ake karɓar kaya a hannun babba. Sannan kada ka mayar masa. Ka durƙusa a tsakaninsa da goɗiyar, kanka a ƙasa, ka yi ta ba shi haƙuri. Zai yi faɗa. Zai ce ɗan Isa ya zo gidansa zai koya masa kiwo. Wataƙila ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarka da kyau, wataƙila maganar ta zo har nan ta same mu. Ka jure. Ba dogon lokaci ake nema ba, daga fitowar rana zuwa hantsi ne. In ɗan ya cika cikinsa sau biyu sau uku, ka miƙa wa Kawunka ƙwaryarsa, ka bi shi da ban haƙuri har ya huce. Fushin kawu yana da magani.

Ban ce ka zama mara kunya ba. Ka gaida manya, ka riga kowa fita gona, kada a ji bakinka a abin da ba ruwanka. A cikin abu ɗari, ka bar wa babba casa'in da tara ko da kana ganin ba haka ba ne. Amma akwai ɗaya da rai yake rataye a jikinsa, kuma mai ran ba shi da bakin da zai ce a bar masa. Ni ban iya bambance wannan ɗayan da sauran ba sai bayan an haƙa rami. Kai ka iya tun kana yaro, ni na tsawatar maka. Ina roƙon Allah Ya sa ban kashe maka shi ba.

Na san nauyin abin da nake ɗora maka. Mutum ya haura arba'in ya kasa faɗar kalma ɗaya a zaurensa, ya aika ɗansa ya faɗe ta a zauren wani. In ka yi duk wannan ɗan ya mutu, to Allah ne Ya karɓi abinSa, ba ka da laifi, ka kira ni ka faɗa mini da bakinka. In kuma ka kasa, ka tsaya ka riƙe kanta aka tatse, ni ne na ƙarshe a duniya da zai zarge ka.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi duka. Ranar nan Kawunka zai iya kirana a waya yana faɗa, ya ce in ja wa ɗana kunne. Na san halina. Zan ji muryarsa, in tuna gonar da ya ba ka, in tuna zumunci, sai in ce a ba ka wayar. Za ka ji ni ina ce maka, "Abba, bi maganar Kawunka, a zauna lafiya." In ka ji haka daga bakina, ka ce mini to, ka ajiye wayar, kada ka saki ƙwaryar. Wanda ya rubuta maka wannan takardar shi ne mahaifinka. Na wayar, ka yi masa uzuri.

Allah Ya sauki Gunya lafiya, Ya raya abin da ke cikinta. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka damina mai kyau, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya kare ka daga sharrin hanya da na dare da na rana. Ya ba ka ladabin da ya fi nawa, da zuciyar da ta fi tawa. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka gaida Kawunka da mutanen gidansa da kyau.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isa